Laima a Ɗaki: Kafin Ki Ci Bashin Asusu Don Sayen Injin Tsotse Ta

Ƴan uwa mata, duk wadda ta taɓa buɗe akwatin zannuwanta a tsakiyar watan Agusta wani wari ya buge ta, ta san abin da za mu tattauna a wannan karon. Zanen da kika adana don biki ya yi ɗigo-ɗigon baƙi. Takalmin fata ya yi hunhuna. Gishiri ya jiƙe a kwano, ashana ta ƙi kamawa, ƙuli-ƙulin da kika soya shekaranjiya ya saki. Yaron da ke da fuka kuma ya kwana yana tari.

A wani zaman zubi da muka yi bayan damanar da ta wuce, ɗaya daga cikinmu, mai sayar da atamfa da leshi a cikin gida, ta nemi rance mai ɗan nauyi. Ta ce ta ga wani inji a waya wanda ke tsotse laimar ɗaki, ruwan ya taru a cikinsa a kwashe a zubar. Turame da dama ta sayar da faɗuwa saboda tabon hunhuna, kuma ba ta son a maimaita. Sai shugaba ta tambaye ta daga ina laimar take shigowa ɗakin. Ta yi shiru, ta ce ita dai ta san ɗakin a jiƙe yake.

Wannan tambayar ita ce ta farko, kafin ciniki, kafin rance. Injin nan iskar ɗaki yake busarwa. Ba ya toshe rufi mai yoyo, ba ya hana ruwan ƙasa hawa bango. Wadda ta san inda laimarta take fitowa za ta san ko inji take buƙata ko magini.

Ƙasar fari, amma ɗaki a jiƙe

Wani zai yi mamaki a ce ana maganar laima a Nijar. Wata takwas ko tara muna fama da bushewa, leɓe na tsagewa, ƙafa na faso. Sai dai ruwan da muke samu a shekara, kusan dukkansa a cikin wata uku zuwa huɗu yake sauka, daga Yuni zuwa Satumba, kuma Agusta ta fi kowane wata. Yamai tana samun milimita 500 zuwa 600 a shekara, Maraɗi kusan 500, Damagaram da Tawa kusan 400 ko ƙasa da haka, Gaya kuwa tana kai wa 800.

Ana auna laimar iska da kashi cikin 100, wato yadda iska ta ƙoshi da tururin ruwa. A watan Maris takan sauka ƙasa da kashi 20. A lokacin marka kuwa tana wuce kashi 70, da asuba ma ta fi haka nesa. Hunhuna tana samun gindin zama idan laima ta daɗe sama da kashi 70. Ɗakin da ke tsakanin kashi 50 da 60, shi ne mai daɗin zama ga mutum da kaya.

Ga kuma ambaliya da ta zame mana baƙuwar kowace shekara. A 2020 kogin Isa ya cika ya karya shinge a Yamai, ya shiga unguwanni irin su Lamorde da Kirkisoy da Saga. A 2024 ambaliya ta shafi mutum sama da miliyan ɗaya a ƙasar nan, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, tsohon masallacin Birni a Damagaram ya rushe, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Gidan da ruwa ya kwana a cikinsa, ko da bai faɗi ba, bangonsa yakan yi watanni bai bushe ba.

Laima iri uku ce

Ta farko daga sama take zuwa: rufi mai yoyo, kwano da ya ci tsatsa a wurin ƙusa, soron da bai samu yaɓe ba, indararon da ya toshe ruwa ya koma bango. Alamarta tabo ne a sama yana gangarowa, kuma yana ƙaruwa bayan kowane ruwa.

Ta biyu daga ƙasa take hawa. Ruwa ya kwanta a gindin gini, ko unguwar tana kusa da gulbi ko tafki, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso. Bango yana shan sa kamar yadda lagwani ke shan kananzir. Alamarta zobe ne daga daɓe zuwa gwiwa ko ƙugu, fenti yana ɓarewa, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa.

Ta uku a cikin iska take. Rufi lafiya, bango lafiya, amma ɗakin ba shi da tagogin da iska za ta ratsa, ana shanya a ciki, ana tafasa ruwa a ciki, mutum shida suna kwana ƙofa a rufe. Alamarta wari, tufafi masu sanyi-sanyi, da hunhuna a bayan kabad da ƙarƙashin katifa.

Injin tsotse laima maganin ta ukun ne. Ga ta farko da ta biyu, kamar ɗebe ruwa ne daga rijiya da ludayi: kina kwasa, tana kawowa.

Akwai gwajin da ba ya cin ko dala. Ki samu leda mai kauri wadda ba ta huje ba, faɗinta kamar faifai. Ki goge wurin da kike zargi, a bango ko a daɓe, ki manna ledar da salatif ta kowane gefe yadda iska ba za ta shiga ba. Ki bar ta kwana biyu. In kika tarar da raɓa a bayan ledar, tsakaninta da bango, ruwan daga ginin yake fitowa. In raɓar a fuskar da ke kallon ɗaki take, laimar iska ce. In duka biyun sun jiƙe, matsala biyu gare ki, kuma da ta ginin za ki fara.

Yadda injin yake aiki, da wadda ya dace da ita

Kin ga yadda gorar ruwan sanyi take yin gumi idan aka fito da ita daga firigo? Haka injin yake yi. Fanka ce a cikinsa take jawo iskar ɗaki, ta bi ta kan wasu bututu masu sanyi, tururin ya zama ruwa ya ɗiga cikin ɗan bokiti, iskar ta fito a bushe. Ki sani, iskar da ke fitowa tana da ɗan ɗumi. Ba ya sanyaya ɗaki, ƙara masa zafi kaɗan ma yake yi.

Sharuɗɗa uku sai sun cika kafin ya yi amfani. Na ɗaya, ɗakin ya zama mai rufuwa, ƙofa da taga su kama sosai. In labule ne kawai a ƙofa, iskar unguwa gaba ɗaya za ki yi ta busarwa da kuɗin kuran ɗinki. Na biyu, a samu kuran mai zama na awoyi a jere. Ƙaramin sola na fitila da cajin waya ba zai ɗauke shi ba. Na uku, abin da kike karewa ya fi kuɗin injin da na kuran daraja: jarin atamfa, garin kunun yara na sayarwa, kayan ɗinki, ko lafiyar mai fuka.

Hattara da sunan

A nan ne mata da yawa za su iya yin kuskure. A kasuwanninmu akwai injin da ake zuba wa ruwa lokacin bazara ya huro sanyi, wanda da Faransanci ake ce wa humidificateur. Wannan ƙara laima yake yi. Wanda muke magana a kansa déshumidificateur ne. Haruffa uku ne a farkon sunan suka bambanta su, amma aikinsu kishiyar juna ne. A kwalin da ya fito daga Najeriya da rubutun Ingilishi ma, sunan da "de" yake farawa. Hanya mafi sauƙi ita ce ki tambayi mai shago: ruwa ake zuba masa, ko ruwa ake kwasa daga cikinsa? In zuba masa ake yi, ba shi ba ne. Mai irin wancan a gida kuma ta daina zuba masa ruwa da zarar damana ta kankama.

Ire-iren da za ki tarar

Akwai mai kwampiresa, wato mai inji irin na firigo. Yana da nauyi, yana ɗan gurnani, kuma shi ne ya fi dacewa da ƙasa mai zafi irin tamu. Ƙaraminsa yana cin wat 200 zuwa 300.

Akwai ɗan mitsitsi mara kwampiresa, wanda za ki ɗauka da hannu ɗaya, wanda aka fi tallatawa a waya saboda araharsa. Bai cin wuta sosai, amma abin da yake tarawa a yini sau da yawa bai kai rabin lita ba. Ya isa cikin kabad ko ɗan lungu, bai isa ɗakin kwana ba. A nan ne ake cewa araha ba ta ado.

Akwai wanda ke da faifai mai shan laima a ciki, yana busar da shi da zafi. An yi shi ne don ƙasashen sanyi. Ya fi cin wuta, ya fi ɗumama ɗaki. Ki bar shi.

Sai ƴan robobin da ba sa buƙatar wuta, masu farin gari kamar gishiri a ciki wanda ke narkewa ya zama ruwa. Suna aiki a cikin akwati ko kabad a rufe, in garin ya ƙare a sake sabo. A nisanta su daga yara, ruwan yana ƙona ido da fata.

Wadda kuma ke da kilimatizar a ɗaki, ta duba rimot ɗinsa. In akwai alamar ɗigon ruwa, wannan maɓallin busar da iska ne, ba ta buƙatar sayen wani inji.

Abin da za ki duba kafin ki biya

Lita nawa a yini. Ana rubuta shi a kwali, misali 10L ko 12L ko 20L. Ɗaki mai mita 4 kan 4, mai lita 10 zuwa 12 ya ishe shi. Ciki da falo, a nemi mai 16 zuwa 20. Yawanci a zafin digiri 30 da laimar kashi 80 ake auna wannan adadin, don haka kada ki yi mamaki in kin ga abin da yake tarawa a ɗakinki bai kai haka ba.

Ƙarfin wuta. Kuran ɗinmu 220V ne. Kayan da suka fito daga Amurka 110V ne, in kika jona kai tsaye ya ƙone. Na Najeriya ƙarfin wutarsa ya dace da namu, sai dai kan filoginsa mai ƙafa uku ne, sai da adafta mai kyau.

Ma'aunin laima a jikinsa. Wanda za ki saita a 55 ko 60, in ya kai ya tsaya da kansa, shi ne mai rage kuɗin kuran. Wanda ba shi da wannan zai yi ta aiki har sai kin kashe.

Tsayawa idan bokitin ya cika, da kafar jona tiyo. Bokitin yawanci lita 2 ne ko kusa da haka. Da tiyo, ruwan zai fita waje ba sai kin tashi cikin dare ba.

Iyakar zafi. Da yawa daga cikinsu an rubuta suna aiki ne zuwa digiri 32 ko 35. Ɗakin kwano mara silin yakan wuce haka da rana tsaka. Saboda haka da dare da safe ya fi kyau a kunna, lokacin ne ma laima ta fi yawa.

Matacin ƙura. Ya zama wanda ake cirewa a wanke. A ƙurar ƙasar nan, duk sati biyu sai an wanke shi.

Garanti da mai gyara. A rubuta miki garanti a takardar ciniki. Mai kwampiresa yana da wani alheri: mai gyaran firigo na unguwa zai gane cikinsa.

In na hannu ne, kada ki biya sai an kunna a gabanki na minti 20 zuwa 30, kin ga bututun ciki sun yi sanyi sun fara gumi. Fanka tana iya juyawa alhali iskar gas ɗin ta tsiyaye. Ki duba waya da filogi, kada a ga alamar ƙuna. Tun daga 2013 an janye miliyoyin irin waɗannan injuna daga kasuwar Amurka saboda wasunsu suna kama wuta, shi ya sa tsoho wanda ba a san asalinsa ba abin tsoro ne.

Idan kin kawo shi gida, ki ajiye shi a tsaye na wasu awoyi kafin ki jona, musamman in a kwance aka ɗauko shi a kan babur. Ki ba shi tazarar taki ɗaya ko biyu daga bango. In an ɗauke wuta, ki cire filogi, in ta dawo ki jira minti biyar. Inda kuran ke hawa da sauka, regilatar tana kare shi. Ruwan da ya tara kuma ba na sha ba ne, a yi shara ko ban ruwan shuka da shi.

Mu yi lissafi irin na asusu

Inji mai wat 250, in ya yi awa 8 a yini, ya ci kilowat 2. A wata kilowat 60 ke nan. Ki ɗauko takardar kuɗin kuran ɗinki ki ga nawa kike biyan kilowat ɗaya, ki ninka. Don sauƙin lissafi mu ce dala 20 ne: dala 40 a yini, jika 6 a wata, jika 18 a wata ukun damana.

Sai kuɗin rance. A ce an yi miki ciniki a jika 80, ƙungiyarku kuma tana ɗora kashi 10 a wata, kika riƙe kuɗin wata uku. Jika 24 ta hau kai. Haɗa da na kuran, damanar farko kaɗai ta ci jika 122. Sauran wata tara injin yana lulluɓe a lungu.

Yanzu ki tambayi kanki: asarar da laima ta jawo mini bara ta kai nawa? In jika 15 ce, injin ba naki ba ne. In ta kai jika 60 kowace shekara, kuma gwajin leda ya nuna laimar iska ce, a damana biyu zuwa uku zai fanshi kansa. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a Maraɗi a 1991, abin da ya riƙe asusu shi ne rance ya je inda zai dawo da kansa.

Da jika ɗaya ko biyu kuma za ki iya fara wani abu: ɗan ma'aunin laima mai batir, kamar ƙaramin agogon tebur, in ana samunsa a garinku ki tambayi kuɗinsa. Ƙungiya ta sayi ɗaya, ya zagaya gidaje, kowa ta rubuta abin da ya nuna safe da yamma na sati guda. Wadda nata bai cika wuce 65 ba, ta adana kuɗinta.

Abin da za a yi ba tare da inji ba

Mafi yawanmu, ko dai babu kuran, ko ɗakin ba ya rufuwa. Wannan ba ya nufin mu naɗe hannu.

Tun cikin bazara a hau rufi. A sake yaɓe, a toshe ramukan ƙusa, a share indararo a kuma tsawaita shi ya zubar nesa da bango. A cike gindin gini da ƙasa ta gangara waje, a fitar da hanyar ruwa daga tsakar gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ma ruwa.

Bangon ƙasa mai shan ruwa daga ƙasa, kada a yi saurin lulluɓe shi da siminti ko fentin mai. Ruwan zai rasa hanyar fita, ya ci bangon ta ciki, wata rana shafen ya ɓallo gaba ɗaya. Farar ƙasa ta fi, tana barin bango ya sha iska kuma hunhuna ba ta son ta. In kuma bangon ya yi laushi, ko ya tsage, ko ya karkata bayan ambaliya, maganar ta wuce laima. A fitar da yara, a kira magini.

A janye gado da kabad daga bango kamar faɗin tafin hannu. Buhu kada ya taɓa ƙasa ko bango, a ɗora a kan katako ko bulo. Duk ranar da rana ta fito, a buɗe ƙofa da taga da hantsi zuwa la'asar, a fitar da katifa da tabarma da zannuwa su sha rana, a rufe ɗaki kafin raɓar dare. Shanya da girki a yi su a rumfa. Atamfar sayarwa, in ta bushe sarai, a sa ta a leda mai kauri ko durom mai murfi.

Kada a kunna gawayi a rufe ɗaki da sunan busar da shi. Hayaƙinsa marar wari ne, yana kashe mutum cikin barci.

Hunhunar da ta kama bangon siminti a goge ta da ruwan jabel da aka surka, taga a buɗe, hanci a rufe, kuma kada a haɗa jabel da wani maganin wanki. Mai fuka ya fita kafin a fara. Yaron da tarinsa ya ƙi ƙarewa, ko numfashinsa ke yin fito, a kai shi likita, kada a jira gyaran ɗaki.

Gyaɗa da masara sun fi komai haɗari. Hunhunar da ke kama su tana haifar da wata guba mai lahani ga hanta, wadda suya da dafuwa ba sa kashe ta. Wadda ta yi hunhuna a zubar, kada a yi ƙuli-ƙuli ko kunu da ita. Don gane ko hatsi ya bushe, ki sa shi a busasshiyar kwalba da ɗan busasshen gishiri, ki rufe ki girgiza, ki bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, a mayar da hatsin rana. Ko buhun nan mai riɓi uku da muke adana wake a ciki, sai waken ya bushe yake amfani.

In ƙungiya ce za ta saya

Wasu za su ce a haɗa kuɗi a sayi ɗaya ana karɓa-karɓa. Matsalar ita ce kowa a wata ɗaya take buƙatarsa, kuma da an ɗauke shi laimar za ta dawo cikin kwana ɗaya ko biyu. Inda ya fi amfani shi ne magazar ƙungiya: ɗaki guda mai siminti da ƙofa mai kamawa, inda ake tara kayan mata da yawa. A rubuta wadda za ta riƙa zubar da ruwa da wanke mataci, da yadda za a raba kuɗin kuran, tun kafin a saya.

Ita kuwa ƴar uwarmu mai atamfa, ta je ta manna leda. Bayan kwana biyu ta tarar da bayanta sharkaf, fuskar kuwa a bushe. Da aka zagaya bayan ɗakin, sai ga indararo yana zuba daidai gindin bangon da ta jingina kayanta. Rancen da ta ɗauka a ƙarshe bai kai rubu'in wanda ta nema da farko ba: kuɗin magini, da bututu, da katakon da ta ɗora turamenta a kai. Ta ce in marka ta zo ta ga har yanzu da saura, sannan za ta dawo a yi maganar inji.

A zaman zubi mai zuwa, kowa ta zo da labarin ledarta. Allah ya kai mu damana lafiya.